Ai Mun Wuce Su, Kawu

Mako biyu bayan ƙaramar salla na tashi daga Birnin Kebbi zan je Jega ta'aziyya, sai yayata ta ce in tafi da ɗanta ya wakilce ta, tunda ya gama sakandare yana zaune gida yana jiran sakamakon jarrabawa. Shekararsa 17, yaro ne mai natsuwa, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba. Ya zauna a kujerar gaba kusa da ni, muka kama hanya muna hira. Kafin mu kai Kalgo sai motocin da ke tahowa suka fara kunna mana fitila suna kashewa, alamar da kowane direba ya san ma'anarta, wato akwai jami'ai a gaba. Da gefen ido na ga yaron ya miƙa hannu ya jawo bel ɗin, ya ratsa shi ta ƙirjinsa, ya riƙe bakin ƙarfen da yatsu biyu a gefen cinyarsa ba tare da ya maƙala shi ba. Duk wanda ya leƙo daga waje zai rantse a ɗaure yake. Muna wuce jami'an da 'yar tazara ya saki, bel ɗin ya zuge ya koma mazauninsa. Na ce masa ya mayar da shi, sai ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Kawu, ai mun wuce su."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya faɗi maganar da zuciya ɗaya, babu alamar taurin kai a cikinta. A fahimtarsa, bel wani abu ne da ke tsakanin matafiyi da 'yan rod sefti, kamar takardun mota, a nuna idan an nema, a ajiye idan an wuce. Wannan yaro kuwa ya tashi ne yana jin sanarwar ɗaura bel a rediyo, yana wuce allunan talla masu ɗauke da hoton matashi a ɗaure yana murmushi, kuma na tabbata an taɓa tara su a filin makaranta an yi musu lacca a kan haka. Saƙon ya isa kunnensa sarai, sai dai abin da ya tsinta a cikinsa daban ne da abin da aka yi nufi.

Ni malamin Fiziks ne, na shafe shekaru ina koyar da samari da 'yan mata masu irin shekarunsa, saboda haka na san lissafin abin ba ya ba su wahala. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki abin da ba ya motsi, motar ce ke tsayawa, amma jikin wanda ke ciki yana ci gaba da tafiya da gudun nan har sai ya samu abin da zai tsayar da shi, ko sitiyari, ko gilashin gaba, ko kwalta. Ƙarfin wannan duka daidai yake da na faɗowa daga tsawon mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Idan gudun ya ninka ya zama kilomita 100, wanda shi ne gudun da direbobinmu ke ɗauka matsakaici a hanyar Jega zuwa Koko, ƙarfin yana ninkawa sau huɗu, ya zama kamar faɗowa daga kusan mita 40. Babu damtsen da zai iya tokare dashbod ya riƙe mai shi a irin wannan hali. Ɗalibaina suna warware wannan lissafi a allo su ci maki, sannan a tashi makaranta su shiga mota ba su ko waiwayi bel ba.

Bel ɗin da muke amfani da shi a yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu a lokaci guda, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Volvo ya fara sa shi a motocinsa a 1959, sannan ya ƙyale sauran kamfanoni su kwaikwaya ba tare da biyan komai ba. Hikimarsa ita ce yana ɗora nauyin duka a kan ƙasusuwan da suka fi ƙwari a jikin mutum, ƙugu da kafaɗa da ƙirji, kuma yana hana mota ta wurgo mutum waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda ke cikin mota, ta kuma ce haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 a duniya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wannan ne ya sa ƙasashe da yawa suka fi karkata tallansu ga matasa. A nan gida, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma tun farkon 2003 ta fara tilasta ɗaura bel. Ɗan yayata bai taɓa rayuwa a Najeriyar da babu wannan doka ba.

Tarihin irin waɗannan tallace-tallace a ƙasashen da suka riga mu yana da darasi mai ɗaci ga masu tsara su. A Amurka, wani mai bincike da ake kira Leon Robertson da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1974. Sun samu gari mai layin talabijin biyu, suka yi wata tara suna nuna tallan ɗaura bel masu inganci ga gidajen da ke kan layi ɗaya, ɗaya layin ba a nuna masa komai ba, sannan suka tsaya a bakin titi suna ƙirga waɗanda suka ɗaura. Ba su ga wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. A Birtaniya an yi sama da shekara goma ana talla a talabijin, amma masu ɗaurawa ba su wuce kashi 40 cikin 100 ba, sai da doka ta fara aiki a ƙarshen Janairun 1983 adadin ya haura kashi 90 cikin ɗan lokaci. A jihar Karolina ta Arewa kuma aka fara wani gangami a 1993 mai ɗan gajeren take da ke nufin ka ɗaura ko ka biya tara, aka haɗa talla da shingayen 'yan sanda a lokaci guda, masu ɗaurawa suka tashi daga kashi 60 da 'yan kai zuwa 80, daga baya sauran jihohi suka ɗauka. Amurkar da a 1983 kashi 14 kacal ke ɗaura bel, yau ta wuce kashi 90.

Mai karatu zai iya cewa to ai magana ta ƙare, a tsananta doka kawai. Nan ne nake da ja, domin doka muna da ita fiye da shekara ashirin, kuma abin da ta haifar shi ne yatsu biyun nan da na gani a hanyar Kalgo. Inda shinge yake a wuri sananne, direbobi kuma suna sanar da juna da fitila tun daga nesa, abin da matashi ke koya shi ne lokacin jawo bel da lokacin sakinsa. Har motocin da ke ƙara idan ba a ɗaura ba mun samar musu magani: a maƙala bel ɗin tun kafin a zauna, a jingina a kansa, ƙarar ta yi shiru. Doka ta yi aiki a can ne saboda ta tarar da mutanen da aka daɗe ana shirya tunaninsu, kuma ba su san inda za a tsayar da su ba, har abin ya zame musu jiki. Mu kuwa tallanmu bai taɓa ainihin dalilan da ke hana samarinmu ɗaurawa ba.

Na sha tambayar ɗalibaina waɗannan dalilai, kuma da wuya a samu wanda zai ce bai san amfanin bel ba. Abin da suka fi faɗa, bayan an ɗan yi dariya an saki jiki, shi ne kunya. Yaron da ya shiga motar abokinsa ya ɗaura bel ya san abin da zai biyo baya: a ce masa matsoraci, ko sabon shiga mota, ko a tambaye shi ko jirgin sama ya hau. Mafi nauyi daga ciki ita ce tambayar direban da kansa, "Wato ba ka yarda da tuƙina ba?" A wurinmu ɗaura bel ya zama tamkar magana ce ake faɗa wa mai tuƙi, kuma maganar ba ta yabo ba ce. Idan direban yayansa ne ko mahaifinsa, abin ya ƙara tsanani, domin yaro mai tarbiyya ba zai so ya yi abin da zai nuna ya fi babba sanin ya kamata ba. Saurayi ɗan shekara 17 yana jin mutuwa a matsayin abu mai nisa wanda ke faruwa da wasu, amma dariyar abokai tana nan a kujerar baya, kuma yanzu-yanzu za ta same shi.

Saboda haka nake shakkar amfanin tallan ban tsoro, irin mai nuna mota a murƙushe da jini a kwalta. Wayar kowane matashi a garin nan cike take da hotunan haɗurra na gaske waɗanda suka fi kowane talla muni, ana turo su a WhatsApp tun kafin a kwashe gawarwaki. Suna kallo, su yi salati, su ce Allah ya jiƙansu, kwana ne ya ƙare, su wuce zuwa hoto na gaba. Wanda ya saba da wannan, hoton allon talla ba zai girgiza shi ba. Maganar ƙarewar kwana kuwa gaskiya ce da babu Musulmin da ke musunta, sai dai ana amfani da ita a inda bai dace ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, kusan duk ɗan Islamiyya ya san shi, kuma da wuya a samu misalin da ya fi shi dacewa da bel, tunda har kalmar ɗaurewar iri ɗaya ce. Na lura dai cewa samari ba sa kawo zancen ƙaddara sai an matsa musu, ita ce mafakar da suka san babba ba zai iya rusawa cikin sauƙi ba, alhali ainihin dalilin yana wani wuri.

Akwai kuma wata fahimta da ta yaɗu, wadda na ji har daga bakin manyan direbobi, cewa bel yana riƙe mutum idan mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa, don haka gara mota ta wurgo ka waje. Kowa yana da labarin wani da aka wurgo ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ba a jin labarin sauran domin ba su tashi ba. Alƙaluman Amurka na haɗurran da aka yi asarar rai a cikinsu sun nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda mota ta wurgo waje gaba ɗaya mutuwa suke yi. Ko a batun wuta da ruwan ma, wanda bel ya hana kansa dukan gilashi shi ne ke cikin hayyacinsa har ya iya buɗe ƙofa. Ban taɓa jin wata sanarwa ta rediyo da ta tunkari wannan zance kai tsaye ba, alhali shi ake ta maimaitawa a tasha da majalisa.

Wani dalilin kuma ƙarami ne har ana jin nauyin faɗarsa, amma duk wanda ya taɓa sa farar shadda ya san shi. Bel ɗin da ya yi wata shida ba a taɓa shi ba, ya sha ƙurar hunturu da zufa, idan ka ratsa shi a kan rigar da aka buga aka goge ranar Juma'a, za ka sauka da baƙin layi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Saurayin da zai je zance ko ɗaurin aure ba zai yarda da wannan ba, kuma ba na ganin laifinsa sosai. Maganin abin bai wuce ruwa da sabulu da tsumma ba, amma masu tsara talla a ofis ba su san matsalar tana nan ba, balle su ce wa masu wankin mota su riƙa jawo bel suna wankewa.

Sannan tallan da ake yi yana ɗauka cewa kowane fasinja yana da kujerarsa da bel ɗinsa. Wanda ya taɓa shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ko Yawuri ya san lodin da ake yi: biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da na but. Mutum biyu ba sa ɗaura bel ɗaya, kuma bel-bel ɗin kujerar baya tuni aka tura su ƙarƙashin kujera aka ɗinke da rigar kujera a kansu. Ɗalibin da ke komawa makaranta a Aliero a irin wannan mota, ko ya so ya ɗaura babu abin da zai ɗaura. Ga irinsa, maganar ta koma kan shugabannin tasha da 'yan kamasho da kuɗin mota, domin direba ba zai rage fasinja ba sai an samu mai cike masa giɓin. Yawancin matasanmu ma a kan kabu-kabu suke yini, kuma hular kwano wani dogon zance ne da ba zan shiga ba a nan.

Batun kujerar baya ya fi damuna, domin nan ne 'yan mata da ƙananan yara suke zama, kuma kusan kowa ya ɗauka wurin ba ya buƙatar bel. Talla ɗaya da na gani na ji ya dace da mu shi ne wanda aka yi a Birtaniya a 1998. Uwa ce ke tuƙi, ta ɗaura nata bel ɗin, ɗanta matashi yana zaune a bayanta bai ɗaura ba. Da ta daki wata mota, sai nauyin yaron ya taho ya haɗa ta da kujerarta ya kashe ta, shi kuma ya koma ya zauna da ransa. Ƙarfin wannan talla shi ne bai tsoratar da matashi da mutuwarsa ba, ya nuna masa cewa jikinsa ne zai zama abin da zai kashe mahaifiyarsa. Na ba wa wani aji wannan labari da baki kawai, ba tare da hoto ba, kuma shirun da ajin ya yi ban taɓa samun irinsa ba a darasin lissafin gudu. Yaron da zai ce ransa nasa ne, ba zai iya faɗin haka a kan ran uwarsa ba.

Da za a ba ni dama in tsara talla ga samarin Kebbi, da direban zan sa a tsakiya, domin shi ne mai iko a cikin mota kuma shi ake jin kunya. A nuna saurayi irin wanda ake kwatance da shi, wanda abokai suka cika motarsa ranar ɗaukar amarya, ya kunna mota ya ƙi tashi, ya ce, "Wagga mota ba ta motsawa sai kowa ya ɗaura." Idan umarnin ya fito daga mai tuƙi, fasinja ya huta da zargin raina shi. A kuma nuna musu direbobin tseren mota na duniya, waɗanda babu mai shakkar gwanintarsu, yadda ake ɗaure su da bel mai madauri biyar ko shida kafin su taka totur, don a karya tunanin cewa bel na wanda bai iya ba ne. A yi shi da Hausar da ake yi a nan, da muryar da yaro zai ji kamar ta yayansa, gajere yadda zai yawata a waya, a kuma nuna shi a gidajen kallon ƙwallo lokacin hutun rabin lokaci, inda samari suke a tare, tunda kunyar a cikin taro take kama su. Jami'an hanya kuma su riƙa duba ko bakin ƙarfen ya shiga, su leƙa kujerar baya, su kuma daina tsayawa a wuri ɗaya kullum. Doka ba ta ba da lasin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san masu wasan mota a bukukuwa da ranakun salla da yawansu ba su kai ba, kuma makullin daga hannun iyaye yake fitowa.

A nan ne maganar ta dawo kaina. A hanyarmu ta dawowa daga Jega na yi wa yaron dogon bayani, har da lissafin mita 10 da mita 40, yana saurare yana gyaɗa kai. Da muka shigo gari na tsaya sayen kati, na dawo na tayar da mota muka ci gaba, sai ya ce cikin ladabi, yana kallon ƙasa, "Kawu, kai ma cikin gari ba ka ɗaura shi." Na duba ƙirjina, babu bel. Shekara da shekaru ina ɗaurawa idan zan hau babbar hanya, ina saki idan na shigo gari, kamar gudun kilomita 50 da nake koya wa ɗalibai a allo ba shi ne gudun da nake yi a titin Ahmadu Bello ba. Yaron ya shiga motata sau da yawa tun yana ƙarami, kuma abin da ya gani ke nan.

Washegari na kai motar wurin mai ɗinkin kujeru na ce ya cire rigar kujerar baya. Muka tarar da bel uku a ƙasa, lafiyarsu ƙalau, ɗaya ma har da ledar da ya zo da ita tun daga Kwatano, tare da tsohon biro da ƙwallon dabino da wata naira ashirin. Mutumin ya huda musu hanya a jikin rigar ya fito da su, yana tambayata ko wata sabuwar doka ce ta fito da bai ji ba. Na ce masa tsohuwa ce. Na sa aka wanke duka biyar aka shanya su a jawo, da ƙofofi a buɗe, har suka bushe.

Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki yayata da ɗan nata zuwa asibiti duba wata 'yar'uwa. Ita ta zauna a gaba, shi a bayanta. Ban ce komai ba, na ɗaura nawa na tsaya ina jira da mota a kunne. Ta ɗauki lokaci tana gyara hijabinta kafin ta samu ramin, tana mitar cewa tafiyar ba ta kai minti goma ba. Daga baya na ji ƙarar nasa ya shiga.